Murhun Gogo Cima

Sati uku ke nan Mushe (wato Malam) Aƙilu, malamin lakwal, makarantar boko, yana yawo a tashar Madawa yana neman tarihin gidan tuwon Gogo Cima, gidan da ya mutu tun shekarar fari. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Allah sarki, miyar kukar nan!" ya wuce.

Yau ga wata tsohuwa zaune a kangon gidan tuwon, inda masu faci ke jibge tayoyi. Zanenta ya koɗe, amma ɗaurin kallabinta tsaf. Damtsenta na dama ya fi na hagu kauri, irin na wadda ta tsufa tana juya muciya. Ba ta talla, ba ta bara. Duk kamyon da ya tsaya, wato babbar mota, sai ta miƙe, leɓenta na motsi tana ƙirga masu saukowa, kamar mai auna malmala nawa za su ishe su. Sai ta zauna jiran na gaba.

Aƙilu ya gaishe ta. "Inna, kin san Gogo Cima?"

Ƙafafunsa ta duba, ba fuskarsa ba.

"Ɗana, gusa. Bisa murhu kake tsaye."

Ya duba, babu komai sai ƙasa. Amma ya gusa.