Baba Fredrick, Mai Yanka Littafi Ido a Rufe

Kullum da safe Baba Fredrick Dokas zai jingine babur ɗinsa a gindin darbejiya, ya buɗe ɗakin kwamfuta na laburaren kwalejinmu, ya goge madannai da ƙyalle. Can sai ka ga ya toshe kunnuwa da iyafis, ya kashe fuskar kwamfuta, ya rufe ido. Mu abokan aikinsa sai tsokana: "Baba, barcin gwamnati ake sha ne?" Murmushi kawai yake yi.

Sai daga baya muka ji tushen abin daga bakin Safiyyatu, wata ɗaliba makauniya 'yar Bagadaza. Wayarta ce ke karanta mata rubutu da murya. To littattafan da malamai ke turowa manyan fayiloli ne masu ɗaruruwan shafuka, tana buɗewa sai wayar ta daskare. Ta riga ta faɗi jarrabawa sau ɗaya, in ta sake faɗuwa sallamarta za a yi.

Baba ya zauna ya rubuta wata 'yar manhaja mai datsa babban fayil zuwa ƙanana, ya tura mata. Washegari ta dawo da sandarta.

"Baba, na gode, wayar ta daina hangin. Amma yankan yana faɗawa tsakiyar magana, kuma sunayen duk lambobi ne, ban san wanne ke bin wanne ba."

Sai ya ce, "Da ido na duba aikin, 'yata. Nan na yi kuskure."

Tun daga ranar ya sauya salo. Ya gyara manhajar ta riƙa yanka a kan babi, kowane yanki da sunan da kunne zai gane. In ta gama datsawa, sai ya kashe fuskar kwamfutar ya saurari farkon kowane yanki da ƙarshensa, kamar yadda Safiyyatu za ta ji shi. In shi ya ɓace a hanya, ya san ita ma za ta ɓace, sai ya sake. Barcin da muke masa dariya a kai ke nan. Wallahi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Baba, kai ne ka mayar da dutse tsakuwa don mai ƙaramar waya ya iya ɗauka. Babu wanda ya sa ka, babu wanda ya rubuta sunanka a bangon littafi. Safiyyatu ta ci jarrabawarta, yanzu malama ce, tana koyar da yaran da ba sa gani.

Ranar walimar ritayarka ta zo da littafin ɗalibanta a filasha. Ta zauna a kujerarka, ta lalubi madannai, ta kunna manhajar da kanta, domin ashe ka daɗe da koya mata. Wani a cikinmu ya ce a kunna fuskar kwamfutar mu gani. Ka ɗaga hannu ka ce, "A bar ta a kashe. Ta fi ni iyawa." Ɗakin ya yi tsit, muna jin muryar na'ura tana kiran babi ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya tsallake.

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka hutu mai albarka. Mu kuma da muka rage, duk wanda zai yi wa wani aiki, ya fara rufe ido ya karɓe shi yadda mai shi zai karɓa.