Ranar da Muka Bi Waya Har Babura

Ko shekara nawa zan yi a duniya, ba na jin gudun da na yi a kan babur daga Roni zuwa Babura zai fita daga raina. Har yau in na tuna, sai na ji hannuna yana neman totur.

Damina ce ta yi nisa, gero ya fi mutum tsawo. Ina ƙofar gida ina wanke babur ɗina da hantsi, sai ga ɗan baffana, wanda nake ɗauka kamar ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya. Yaro ne mai natsuwa, amma ranar ko sallama bai yi daidai ba.

"Yaya, ka kai ni Babura yanzu. Wayar da na sayar a can jiya nake so."

Na yi dariya. "Ciniki ya faɗa, kuma ka dawo kana kuka?"

Bai yi dariya ba. Ya ce ya goge hotuna da saƙonni, amma ya manta bai fita daga akawun ɗinsa ba. Na ce to sai me? Ya ce manhajojin nan suna lura da duk abin da mutum ya nema, da abin da ya daɗe yana kallo, sai su dinga kawo masa irinsa, har a tallace-tallace. Duk wanda ya buɗe wayar zai san shi, ga sunansa da hotonsa a sama.

Sannan ya sunkuyar da kai. "Yaya, ni zuciyata ba wajen mata take ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Wayar nan ce kaɗai ta sani."

Gaskiya maganar ta dake ni. Amma na san abin da jita-jita kawai take jawo wa mutum a garinmu, balle a ce ga shaida a hannu. Na jefar da tsumman na ce, "Hau."

Kai, mun yi gudu! Muka ratsa Kazaure kamar ana bin mu, ruwan kwatami yana fallatsa, hulata ta tashi ban ko waiwaya ba. Shi kuwa ya ƙanƙame ni yana ta salati.

Ranar kasuwa ce. Muka kutsa tsakanin awaki da buhunan hatsi har rumfar mai sayar da wayoyi. Mai rumfar ya ce ai tun da safe wani Alhaji ɗan Nijar ya saye ta, zai kai wa 'yarsa tsaraba. "Ku duba tasha, in ba su tashi ba."

Mun same shi ana ɗaure igiyar ƙarshe a kan motar gero. Dattijo ne dogo mai rawani. Muka durƙusa muka gaishe shi, na ce, "Baba, wayar da ka saya ta ƙanina ce."

Nan take ya ɗaure fuska. "Ta sata ce? Ni da kuɗina na sefa na saya!"

"A'a Baba, halak ɗinka ce. Sirrinsa ne ya rage a ciki, yake so ya cire."

Ya daɗe yana kallon yaron, direba kuma yana ta danna hon. Can ya zura hannu a aljihu ya miƙo ta. "Ko kunna ta ban yi ba. Yi sauri, ɗana. Abin da ba nawa ba, ba na son kai shi gida."

Ya sa layinsa a ciki, sai kuma sabis ya ƙi! Ƙanina ya haye can ƙololuwar buhuna, ya ɗaga wayar sama, fasinjoji suna ta ihu, wani yana cewa ya matsa gabas. Ni ina ƙasa ina ba direba haƙuri. Da na ji ya ƙwala, "Ta yi! Yaya, ta yi!" ban san lokacin da na rungume yaron mota ba. Ya fita daga komai, ya mayar da ita kamar sabuwa, ya sauko ya miƙa wa dattijon.

A hanyar dawowa muka tsaya shan fura. Nan ya zauna da sabuwar wayarsa, ya kashe bibiyar talla, ya hana manhajoji sanin inda yake, ya goge waɗanda bai yarda da su ba. Ya karɓi tawa ma ya gyara. Ban tambaye shi komai ba, shi ma bai ƙara ba.

Yanzu yana aiki a wani gari mai nisa, lafiya lau. Abin da na koya a ranar shi ne, waya tana tara sirrin mutum ba tare da ta san darajarsa ba, don haka ba a sakin jiki da ita. Mutum kuwa, in ɗan'uwansa ya ba shi amanar abin da zai iya hallaka shi, ba lokacin tuhuma ba ne. Lokacin tashi tsaye ne a rufa masa asiri.