Kakata a Jikin Dutse

A shekarun da nake rubuta allunan shaguna a Titin Bauchi, zama wuri ɗaya ya gagare ni. Garin bai gama farfaɗowa daga rikici ba, ko taya ce ta fashe sai kowa ya ja ƙofar shagonsa. Ni kuma na gaji da rubuta "Akwai siminti".

Wata Talata maƙwabcina, ɗan Ibo mai sayar da janareta, ya leƙo ya ce, "Oga, wani mata yana neman ka."

Malamar zane ce daga jami'a. Ta ce ta aro wata na'ura mai harba siririn haske, lesa ake ce mata, tana iya zana hoto a jikin dutse daga nesa.

"Malam, zanen layi ɗaya nake so," in ji ta. "Kada ka ɗaga hannu har ka gama, don kuwa haka hasken yake tafiya."

Kwana tara ina ɓata takarda. In zauna, in miƙe, in sayi shayi in manta da shi. Daga ƙarshe na zana kakata da kwanon kuza a ka, don ta yi dako a ramukan haƙar kuza tun ba a haifi babana ba.

Ranar nunin, bayan magariba, muka kafa na'urar a gaban wani ƙaton dutse da ke bayan gari. Maƙwabcina ya tada janareta. Da koren hasken ya tsaga sama, sai wani ya ce sojoji ne, mutane suka fara watsewa. Can wata tsohuwa ta ɗaga murya: "Ku tsaya! Ai mai dakon kuza ce!"

Ga kakata nan kuwa, ta fi gidan bene tsawo, tana ɗan rawa a jikin dutsen. Mutanen unguwar Ali Kazaure da na unguwar Congo-Russia, waɗanda rikicin ya raba, suka dawo, kowa na cewa tasa kakar ce. Ba a jima ba yayyafi ya sauko, malamar ta kashe na'urar.

Sau uku ina zuwa ofishinta in tambayi yaushe za a sake. A na ukun ta ce, "Malam, na mayar wa masu ita."

Fenti ya fita daga raina. Kafin shekarar ta ƙare na rufe shagon, na shiga koyon aikin lantarki wurin wani dattijo, ina da shekara talatin da huɗu.