Kujerar Gaba a Motar Baba Bulus

Ina wanke motar maigidana a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, da hantsi, Istifanus ya kira ni ya ce Baba Bulus ya rasu a asibiti. Abin da ya fara zuwa raina ba addu'a ba ce, tambaya ce: yaya aka yi Istifanus ya riga ni ji?

Baba Bulus direba ne kamar ni. Shi ya tarbe ni da na zo Riyadh, ya ba ni katifa a ɗakinsa a unguwar Manfuha, ya yi ta zirga-zirga da ni har iƙamata, takardar izinin zama, ta fito. Ba ya sa hannu a abinci sai ya leƙa maƙwabtanmu Musulmi ya ji ko sun ci. Su ma da labarin ya iso, su suka fara zuwa yi mana ta'aziyya.

Mu Kiristoci ba mu da majami'a a garin nan. Saboda haka duk ranar Kirsimeti da yamma yakan cika tsohuwar motarsa da mu, ya ɗaga gilasai, mu kama hanyar arewa muna rera waƙar nan ta haihuwar Almasihu da kowa ya tashi da ita a gida. Yakan ce, "Ku sassauta murya. Wanda ake yi wa waƙar ba kurma ba ne." Dokarsa ɗaya ce: wanda ya zauna a gaba shi ke ta da waƙa. Shekaru da dama ni ne a gaba. Cikin ƙungiyar mawaƙa na girma, ban taɓa ɓata baiti ba.

Sai Istifanus ya zo, matashi mai aikin gini, wanda aka ƙone ƙauyensu a rikici can gida. Muryarsa ba daɗi, yana cakuɗa baitoci, kuma in an kai inda ake roƙon salama a duniya sai ya kulle baki ya zuba wa titi ido. Duk da haka Baba ya buɗe masa ƙofar gaba. Na koma baya, a matse tsakanin mutum biyu. Da na yi ƙorafi ya ce, "Ishaya, kai ka iya waƙar. Shi nemanta yake yi." Na juya maganar nan sau ba adadi, har yau ban tabbata ko yabo ne ko sallama ba.

Da ake shirin kai gawa gida, na ɗauka ni zan raka ta. Har na nemi izini, maigidana ya yarda. Sai matar Baba, Mama Saratu, ta kira daga gida ta yi mini godiya mai yawa, sannan ta ce Baba ya sha faɗa mata in ya mutu a nan, Istifanus ne zai kawo shi, don yaron ya san yana da gidan da zai shiga. Na ce to, Mama.

Ni na kai Istifanus filin jirgi. A wurin ajiye motoci ya ƙi fita. Ya ce Mama tana so a rera waƙar a bakin kabari.

"Yaya, baitin nan ba ya fita a bakina. Ka yi mini shi in ɗauka a waya."

Na so in ƙi. Amma na rera tun daga farko. Da na kai baitin salama sai na ji wata murya mai kaushi tana bina a hankali, ta ɗan kauce daga karin waƙar. Ya ce ya ɓata, mu sake. Na ce a bar shi haka. Shi ya hau jirgi, ni na koma bakin aiki.

Ubangiji ya karɓi bawansa Bulus, ya gafarta masa, ya ba shi hutu. Ya ta'azantar da Mama Saratu da yara, ya tsare Istifanus a hanya, ya kwantar da tarzoma a ƙasarmu. Ni kuma ya sanyaya mini wannan abu da ke cina, domin gobe ne jana'iza, kuma har yanzu ina ganin ni ya kamata in tsaya a bakin kabarin. Amin.