Ɗorin da ba a kwancewa

Shekarun baya, ina aikin birkila, aka ɗauke mu gyaran wata 'yar gada da ke tsakanin ƙauyenmu da Gummi. Ginshiƙanta biyu sun tsage har rodi ya leƙo, ga tsatsa. Ta nan motocin shinkafarmu ke fita, ta nan ake kai mara lafiya asibiti. Na zaci siminti za mu kwaɓa. Sai ga injiniya da naɗin wani baƙin ƙyalle mai sheƙi, wai faiba. Muka goge kankaren ya yi sumul, aka ɗura gam a tsagar, muka shafe ginshiƙi da gam, muka naɗe shi da ƙyallen, muka ƙara shafewa.

Mutanen gari suka dame ni da tambaya, wai zane muke ɗaura wa gada? Ni kuma ga son a ce na sani. Na gyara tsayuwa na ce, "Ɗori na ankai mata, kamar yadda Baba ka yi ma wanda ya karye." Mahaifina maɗori ne, duk yankin an san hannunsa. Kowa ya gyaɗa kai, ni ma na ji daɗin kaina.

Aiki ya ƙare na wuce Anka wani ginin. Wata Juma'a da hantsi wani abokina ya kira ni daga ƙauyenmu, yana ta raha. Ya ce, "Yau ɗorin gadarku ya cika kwana arba'in. Dattawa sun ce in an sauko masallaci Babanku za ya kwance mata ɗori, kar ƙahwa ta shanye."

Cokalin ginin da ke hannuna ya faɗi. Injiniya ya sha ja mana kunne cewa ƙyallen nan shi ke riƙe da ginshiƙin, ko kaɗan kada a yanke shi. Ga kaka ta yi, motoci na wucewa shaƙe da buhuna. Na ce wa abokina ya ruga ya hana su, sai layi ya katse. Na kira ya fi a ƙirga, shiru. Baba kuwa ba ya riƙe waya.

Na je tasha, mota ta ƙi cika. Na zauna, na tashi, na leƙa hanya, na koma na zauna. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, kujerar ƙaya gare ta?" Na sauka na hau babur ɗin kabu-kabu. Muna cikin ƙasar Bukkuyum taya ta yi faci. Mai faci yana aikinsa a natse yana ba da labari, ni kuwa ban da zagaye ba abin da nake, a raina ina hango mota cikin ruwa da mutanen da na sani a ciki. Tsoro ya kama ni sosai, ga haushin bakina.

Sai bayan la'asar na isa. Na gangara ƙarƙashin gadar da gudu, takalmi ɗaya a hannu. Na tarar da mutane tsaitsaye da gatari da gizago, Baba kuma zaune a gindin ginshiƙi. Sara ɗaya aka yi, bai kai tsawon yatsa ba. Ashe shi ya tsayar da su. Ya ce bai taɓa kwance ɗorin da bai lalluba ba, don haka ya bi ginshiƙin da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne.

Ya dube ni ina haki, ya ce, "Kai kac ce ma mutane ɗori na? Ɗori ana kwance shi don ƙashi ya haɗe. Dutsi ba ya haɗewa. Wanga ƙyalle shi na ƙashin yanzu. In ba ka san abu ba, ka ce ba ka sani ba."

A gaban kowa ya faɗa. Ban iya ɗaga kai ba.

Daga baya injiniya ya zo ya liƙe saran, bai ma yi faɗa ba. Gadar tana nan, Baba ne Allah Ya yi wa rasuwa. Har yau idan aka tambaye ni abin da ban gane ba, nakan ji bakina yana ƙaiƙayi, sai in danne. Kuma abin bai daina yi mini ciwo ba: sati uku ina naɗa ƙyallen nan da hannuna ban san me nake yi ba, tsohon da bai taɓa riƙe cokalin gini ba ya shafa shi sau ɗaya ya gane.