Esin Ɗakin Inna

Shekara goma sha ɗaya ina haɗa wa mutane esi, na'urar sanyaya ɗaki, a Yelwa, ban taɓa sa wa gidanmu ba sai bazarar da Inna ta kwanta. Ɓarin jikinta ya shanye, bayanta ya fara gyambo saboda gumi da kwanciya. Ƙanwata da ke jinyarta ta kira ni daga Wara tana kuka, ta ce fifita ba ta yin komai, Inna ta daina cin abinci.

Na ɗauko wani tsohon esi da na gyara, na shiga motar Wara. Da hantsi na huda bango, na kafa ɓangaren esin na cikin ɗaki, na ja waya. Bututun tagulla mai haɗa shi da ɓangaren waje guda ɗaya gare ni. Ina lanƙwasa shi, sai ya karye a tsakiya.

Na zauna a ƙasa. Na zaga kasuwa a kan babur, babu mai sayar da irinsa. Komawa Yelwa kuma kwana ne. Ina jin nishin Inna ta cikin ramin da na huda.

Sai na yanke inda ya karye, na buɗa bakin guntun, na ga bai kai ƙasa ba. Na kife turmi biyu, na ɗora katako, na aza ɓangaren wajen a kai, dab da bango. Na ɗaure noti, na shafa kumfar sabulu. Ta yi ƙwai. Gas na fita. Na kwance, na sake yankewa. Abin da ya rage bai kai kamu huɗu ba. In ya sake yoyo, shi ke nan. Na ɗaure ina salati. Kumfar ta kwanta shiru.

Babu wuta, sai janaretan maƙwabcinmu mai sayar da kifi. Sau biyu yana mutuwa da esin ya ɗauka. A na uku ya yi gurnani ya ci gaba da aiki.

Na shiga na tarar ƙanwata ta ɗaga tafin hannu tana taren iskar. Inna ta buɗe ido ta dube ni.

"Ruwa aka yi?" ta ce.

Na ce a'a, Inna. Ta nemi kunu, ta sha rabin kofi. Na fita bayan ɗaki na tsuguna kusa da turamen, na kasa tsayar da hawaye.