Farantin Iya Ilona

Ranar ashirin ga Agusta, 1998, ina durƙushe a ƙofar ɗakinmu a unguwar Xiaobei, can ƙasar Sin, ina tsince shinkafa, zufa na tsiyaya, sai ga tsohuwar Baturiyar da ke maƙwabtaka da mu ɗauke da farin faranti mai zanen furanni. Wani ƙaton burodi ne a kai, an ɗaure shi da ƙyalle ja da fari da kore. Shekarata tara. Na ruga ciki ina ihu, "Umma, zo ki ga burodi da ɗamara!"

Sunanta Ilona, 'yar Hungary ce, ta biyo ɗanta da ke aiki a wata masana'anta. Abba, da yake fatauci ya koya masa Turanci, shi ya yi mana tafinta: a ranar ce suke tunawa da sarkin da ya kafa ƙasarsu, a yanka burodin sabuwar alkama, kowa ya samu. Umma ta ɗora tandar da ta taho da ita tun daga Kano, ta cika farantin da waina. "Hadiza," in ji ta, "ba a mayar wa mutum kwanonsa wayam."

Shi ke nan faranti ya kama zirga-zirga, ni ce 'yar aike. Su biyun ba sa jin yaren juna, daga "shiye-shiye", wato "na gode" da Sinanci, sai dariya, amma sai su wuni tare. A sha biyar ga Maris Iya Ilona ta maƙala min 'yar fulawar ƙyalle mai launin tutarsu a hijabi, wai ranar da kakanninsu suka tashi neman 'yanci. Na yi ta yi wa yaran bene yanga. Ashirin da uku ga Oktoba kuwa ba wasa. Kyandir take kunnawa a taga, don yayanta ya fita boren 1956 bai dawo ba. Umma ta zauna kusa da ita tana jan carbi.

Da damina ta zagayo Umma ta rasu wajen haihuwa, ita da jaririn. A can aka binne su. Da Agusta ya zo, Iya Ilona ta kawo burodinta tana hawaye, ta gaya wa Abba aikin ɗanta ya kusa ƙarewa, gida za su koma.

"Wanke farantin ki kai mata, 'yar nan," in ji Abba.

"Wayam? Wallahi a'a."

Na jiƙa shinkafa, na kwaɓa ƙullu, na hau tandar Umma. Kai, na ga ta kaina! Yau wainar ta ƙone, gobe ta yi tsami, jibi ta manne. Ina soyawa ina kuka, Abba na cinye ƙonanniyar don kada in karaya. Ranar da ta tashi fara sol, na ruga na buga ƙofar Iya Ilona. Wani Basine ne ya buɗe da tsintsiya a hannu. "Meiyo," ya ce. Babu.

Bara na je Budapest, babban birnin ƙasarsu, a ranar bikin burodin, faranti a jaka. Bakin kogi cike da jama'a, ana yanka burodi mai ɗamara, baƙo ma miƙa masa ake yi. Kowa na jiran wasan wuta, ni kuwa fuskokin tsofaffi nake bi da kallo, alhali ko sunan mahaifinta ban sani ba. Yanzu idona a rufe nake soya waina, har sha'awarta ake yi. Farantin dai yana kabad ɗina, har yau wayam.